Wanda Ya Jiƙa Littafi Na Biyu

Ruwa ne ya tari mai maɗaba'a tun kafin ya kai bakin ƙofa. Ya malalo ta ƙarƙashin ƙyauren sito, ya bi gefen bango ya gangara kwata, ga shi kuma ba a yi ruwan sama ba. Kwaɗon ƙofar yana yashe a ƙasa, a yanke. Da ya tura ƙyauren ya leƙa, sai ya ja da baya ya zauna a kan dakali, ya ciro waya ya kira caji ofis.

Sufeto ya iso kafin hantsi ya dubi ludayi. Mutum ne mai jiki, marar gaggawa, wanda ya fi yarda da idonsa a kan kunnensa. Ya naɗe ƙafar wando ya shiga.

Kwalaye ne jibge a tsakar siton, kowanne an farke bakinsa. An jawo tiyo daga famfon wanke hannu, an bi su ɗaya bayan ɗaya an cika su da ruwa, sannan aka bar famfon a buɗe. Littattafan sun kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi. Sufeto ya ɗago guda, shafukan suka biyo yatsunsa a dame.

“Wane littafi ne?”

“Na tsohon lauyan nan ne, yallaɓai, mai rubuta labarin kotu,” in ji mai maɗaba'a. “Kashi na biyu. An daɗe ana jiransa. Ranar Asabar mai zuwa za a ƙaddamar.”

“Ko ɗaya bai tsira ba?”

“Ko na rantsuwa.”

Sufeto ya waiga. An lulluɓe injin ɗab'in da tamfol, an ɗaure gefe da gefe. A kan tebur kuma ga wasu kwalaye a bushe, an ɗora su sama inda ruwa ba zai kai ba.

“Waɗancan fa?”

“Kashi na farko ne da muka sake bugawa. A ƙasa na bar su ranar Asabar da zan rufe. Tamfol ɗin ma ba ni na sa ba.”

“Ɓarawon naka yana da tausayi,” in ji Sufeto. Ya fita ya ɗauko yankakken kwaɗon. “Ba ni makullinka.”

Makullin ya ƙi shiga. Mai maɗaba'a ya karɓa ya juya shi, ya ɓata fuska.

“Wannan ai ba kwaɗona ba ne. Nawa tsoho ne, na ɗiga masa jan fenti a gindi.”

“Wa da wa ke da makullin nakan?”

“Ni. Sai guda da na ba 'yar marubucin, don su kwashi kayansu da sassafe ranar ƙaddamarwa ba sai sun jira ni ba.”

Suna cikin haka mai maɗaba'a ya tsaya cak a gaban wata kanta. A nan yake jera farantan ɗab'i, faffaɗan zannuwan alminiyam da ake fitar da rubutu a kansu kafin a ɗaura wa inji. Ya bi su da yatsa, ya sake bi.

“An ɗebi wasu. Na babi biyun ƙarshe babu su.” Da Sufeto ya kai hannu zai taɓa, sai ya tare shi. “A kula, yallaɓai. Gefensu ya fi reza kaifi.” Ya buɗe tafin hannunsa, duk tabon yanka ne.

Wata baƙar mota ta tsaya a waje. Wanda ya fito dogo ne cikin kwat, yana tafe yana tsallake ruwa. Shi ne mijin 'yar marubucin, lauya ne shi ma, a ofishin tsohon ya taso, kowa Barista yake ce masa. Ya dubi kwalayen sau ɗaya, ya juyo.

“Ba sai ka wahalar da kanka ba, Sufeto. Na san wadda ta yi.”

“To, ka hutar da ni.”

“Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ake gayyata gidan rediyo tana sharhin littattafai. Uwar Gardama suke ce mata. Ban san yadda aka yi kwafi ɗaya ya faɗa hannunta ba. Ranar Juma'a ta zage littafin tas, ta ce da tana da iko da ta tsoma shi a ruwa. Gari duka ya ji.” Ya nuna kwalayen da hannun dama, yatsu biyu a naɗe da filasta. “Ga shi ta tsoma.”

“Me kake so a yi?”

“Mu ba masu son fitina ba ne. Ta dawo da kwafin da ke hannunta yau, ta koma rediyo ta ce ba ta fahimci littafin ba. In ta yi haka, mun yafe. In ta ƙi, ta kwana a bayan kanta.”

Sufeto ya gyaɗa kai kawai. A hanya yana tuƙi yana juya maganar. Mutumin da aka lalata masa kwalaye cike da littattafai, amma guda ɗaya ne ya tsone masa ido. Ruwa ba ya tsami banza.

Gidan matar ɗaki biyu ne a bayan wani kanti. Ya same ta tana gwada wa wata maƙwabciya hawan jini, tana yi mata faɗa a kan gishiri. Gajeruwa ce, tabarau a kan hanci. Littattafai sun cinye rabin ɗakin, a kan kujera, a kan taga, har a saman firji. Sai da ta sallami maƙwabciyar sannan ta dube shi.

“Ɗauke waɗancan ka zauna, ɗana. Na ji labari. Kama ni ka zo yi?”

“Tambaya na zo yi, Inna. Kin ce da kina da iko da kin tsoma littafin a ruwa?”

“Na faɗa. Kuma in ka kai ni gidan rediyon yanzu zan maimaita.”

“Jiya Lahadi ina kike?”

“Nan, ni kaɗai, ina sake karanta shi ko zan ga inda na zalunce shi. Ba ni da shaida, ba kuwa zan ƙirƙiro maka ba.”

Ya gaya mata sharaɗin Barista. Ta saurara har ƙarshe, ko a jikinta.

“Ka ce masa bakina ba rigar aro ba ce da zai ce in tuɓe. Kuma wa ya gaya masa ina so littafin ya ɓace? So nake kowa ya karanta, a san ban yi ƙarya ba.”

“Ni ban karanta ko na farkon ba,” in ji Sufeto. “Me ya yi miki da zafi haka?”

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. Da gani wannan tambayar take jira.

“Na farkon nan na karanta shi har bangonsa ya rabu da shi. Labarin wata lauya ce da ta tsaya wa talaka, ta rasa aikinta, ta rasa gidan da take haya, amma ba ta yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Tsohon nan ba ya jin tsoron masu kuɗi, ba ya kuma shafa wa talaka mai a baki. Mutanensa magana suke kamar ni da kai. Shi ya sa na jira na biyu kamar mai jiran haihuwa.”

“Sai ya zo ba daɗi.”

“A'a, kar ka sa mini magana a baki. Ya fara da kyau. Direban tanka ne aka ɗora wa laifin take mutum, alhali ɗan mai motar ne ke tuƙi. Akwai wata mata mai sayar da kaya a bakin hanya da ta ga komai, amma ranar shari'a ba ta zo kotu ba, aka ɗaure direban. Lauyar ta shiga neman wanda ya hana matar zuwa. Tsakiyar littafin ta ɗan yi sanyi, akwai surutu, na ce tsufa ne, na yafe. Amma duk hanyar da ya bi da mu, yatsa yana nuna cikin ofishin lauyar kanta. Akwai wani ƙaramin lauya a wurin, mai ladabi fiye da kima. Ina karantawa gabana na faɗuwa.”

“Sai aka yi yaya?”

“Sai aka juye laifin kacokan a kan wani masinja da ya mutu tun farkon littafin. Matacce, wanda ba zai tashi ya kare kansa ba. Ƙaramin lauyan kuma aka wanke shi har da ƙarin girma. Wanda ya rubuta na farko ba zai yi wannan rashin kunyar ba. Kuma harshen ma ya canja.” Ta jawo littafin daga ƙarƙashin matashi, ta buɗe inda ta lanƙwasa. “Ji nan. Miji ne yake magana da matarsa a ɗaki: ‘Bisa la'akari da abin da ya gabata, babu wata tantama cewa zargin ba shi da tushe.’ Don Allah wa yake magana da matarsa haka? Kamar an yanke wa mutum ƙafa an ɗinka masa ta wani. Ina ganin ɗinkin da idona.”

Sufeto ya matso gaba.

“Daga ina ɗinkin ya fara?”

“Babi biyun ƙarshe.”

Bai gaya mata zancen farantai ba, kuma ban da shi da mai maɗaba'a ba wanda ya sani. Ya miƙa hannu.

“Ki ba ni aron littafin, Inna.”

Ta mayar da shi ƙirjinta. “Shi kaɗai ya rage a duniya, ka ce in ba ɗan sanda? Inda zai je, ƙafata ƙafarsa.”

“To ɗauko takalminki.”

Suna shiga mota wayarsa ta yi ƙara. Shugaban caji ofis ne.

“Ka kawo matar?”

“A'a, ranka ya daɗe.”

“Barista ya kira ni har na gaji. Ka san su waye mutanensa. Ka rufe ta, a huta.”

“Ba ni da abin da zan rufe ta da shi sai maganar rediyo, ita kuwa ba laifi ba ce. In an matsu, a turo wani ya kama ta, ya sa hannunsa. Ni dai nawa ba zai hau ba.”

Aka kashe wayar ba sallama. Uwar Gardama ta dube shi ta saman tabarau.

“Ashe kana da ƙashi a wuya.”

“Kar ki yabe ni tukuna,” in ji shi, ya tayar da mota.

Gidan tsohon lauyan yana ƙarshen wani layi mai bishiyoyi. 'Yarsa ce ta buɗe ƙofa, wadda ake kira Auta, idanunta sun faɗa don rashin barci. Da safen nan aka sallamo mahaifinta daga asibiti. Sufeto ya tsayar da ita a falo.

“Aikin me aka yi masa?”

“Na ido. Ya daɗe ba ya gani. Likitocin farko sun ce mu haƙura, ganin ba zai dawo ba. Kwanan nan wata sabuwar likita ta duba ta ce zai yiwu, aka sa rana ba zato. Jibi za a cire bandeji. Ta ce har karatu zai yi.”

“To ta yaya ya rubuta littafi ba ido?”

“Faɗa yake, mijina yana bugawa a kwamfuta. Shi ya kai maɗaba'a, shi ya yi komai.”

“Ke kin karanta?”

“Na yi wa Baba alkawari sai idonsa ya buɗe mu karanta tare.”

“Wa ya kai kwafi gidan rediyo?”

Ta ɗan sunkuyar da kai. “Ni ce. Ranar da na je karɓar makulli na zari guda. Ban gaya wa kowa ba, so na yi Baba da mijina su ji ana yabon littafin su yi mamaki.”

“Makullin yana ina?”

Ta shiga kicin ta ɗauko shi daga jikin ƙusa a bayan ƙofa, inda kowa a gidan ya san wurinsa.

“Jiya ina kike?”

“Asibiti. Tun Asabar ban bar gefen gadonsa ba, ma'aikatan za su gaya maka.”

“Mijinki fa?”

“Yana tare da mu da safe. Da rana ya fita neman maganin ɗigawa, bai dawo ba sai yamma. Ya ce duk shagunan a rufe suke.” Sai ta ƙara a hankali, kamar ba ta so: “Ya biya ta gida ya canja kaya. Ya ce zufa ya yi.”

Sufeto ya ciro waya ya kira Barista, ya ce masa an samu littafin, ya zo gidan surukinsa ya gani. Ba a jima ba baƙar motar ta shigo.

A ɗakin tsohon aka haɗu. Yana kishingiɗe a kan gado, an tokare shi da matasai, farin bandeji ya rufe idanunsa. Ya rame, amma muryarsa tana nan da nauyinta na kotu. Barista ya shigo ya ga Uwar Gardama a kan kujera da littafi a cinya, ya miƙa mata hannu.

“Kin yi wa kanki gata. Kawo.”

“Ba kai na zo gani ba,” in ji ta. “Wurin mai littafi na zo.”

“Sufeto, wannan wane irin abu ne? Baba bai warke ba. Likita ta ce kada a tayar masa da hankali.”

“Ido aka yi mini aiki, ba kunne ba,” in ji tsohon. “Wace ce?”

“Ni ce wadda ta ce a tsoma littafinka a ruwa.”

Tsohon ya yi murmushi. “An ɓoye mini wannan. Me na yi miki, baiwar Allah?”

“Ka ci amanar masu karatunka a ƙarshen labari. Abin da na faɗa ke nan, kuma ban janye ba.”

“To karanta mini inda na ci amanar.”

Barista ya buɗe baki, tsohon ya ɗaga hannu, ya rufe. Ta gyara tabarau ta fara. Ta karanta inda aka gano cewa masinja ne ya karɓi cin hanci, ta karanta inda alƙali ya yaba wa ƙaramin lauya. Ba ta gama shafi na biyu ba murmushin tsohon ya ɓace.

“Tsaya,” ya ce. “Wannan ba bakina ba ne. Ko kalma ɗaya.”

Auta ta juya ta dubi mijinta. Shi kuwa ya gyara kwat, ya ɗaga haɓa.

“Gyara na yi, Baba, kuma ba na jin kunyarsa. Abin da ka faɗa zai iya jawo mana ƙarar ɓata suna. Gidan nan na kare. Gyaran littafi ba laifi ba ne a kowace doka.”

“Wannan tsakaninku ne,” in ji Sufeto. “Ni ruwa ne ya kawo ni. Bari in faɗi abin da na gani, in na yi kuskure ka gyara mini, tunda ka iya gyara.”

Ya jingina da bango ya fara.

“Kwaɗon da aka yar a ƙofa ba na maɗaba'a ba ne. An sayo shi, an yanke shi a wani wuri, don yanka ƙarfe a bakin titi da rana yana tara mutane. An buɗe na ainihi da makulli, an tafi da shi. Ke nan mai makulli ne ya shiga. Inna ba ta da shi. Mai maɗaba'a yana da shi, amma da shi ne, nasa kwaɗon zai yanke a cikin shagonsa hankali kwance, kuma ba zai nuna mini farantan da suka ɓata da bakinsa ba. Saura makullin gidan nan. Matarka tana asibiti, ita ce ma ta fitar da littafin duniya ta gani, ba za ta koma ta nutsar da shi ba.”

“Zato ne,” in ji Barista.

“Ina zuwa. Wanda ya shiga ya rufe inji da tamfol, ya ɗauke kashi na farko ya ɗora a tebur. Mai fushi ba ya haka. Wannan mai lissafi ne, abu ɗaya ya zo kashewa. Ya zaɓi ruwa ne don ya dace da maganar Inna a rediyo. Sannan ya bi farantai ya zare na babi biyun ƙarshe kaɗai, daidai inda ta ce harshe ya canja. Lokacin da ka canja su, ka sakankance Baba ba zai ƙara gani ba, mutanen gari kuma ba su san abin da ya faɗa ba. Sai ga likita ta ce jibi zai yi karatu, ga kuma wata ta hau rediyo tana bayyana ƙarshen labarin. Dole littafin ya mutu kafin a cire bandeji. Kwafi ɗaya ya kuɓuce maka, shi ya sa tun safe ba ka da magana sai tasa. Me ya yanke ka a yatsu?”

“Wuƙa.”

“Ba ya shiga kicin,” in ji Auta, muryarta a ƙasa.

“Buɗe mini but ɗin motarka,” in ji Sufeto.

Barista ya yi dariya. “Ka manta da wanda kake magana. Je ka zo da takardar kotu.”

Auta ta miƙe. Ta buɗe jakarta ta ciro makulli ta miƙa wa Sufeto.

“Motar da sunana aka saye ta. Na ba ka izini.”

“Ki yi tunani,” in ji mijin. “Ki tuna yaranmu.”

“Su nake tunawa,” ta ce, ba ta ko kalle shi ba.

A ƙarƙashin shimfiɗar but, kusa da tayar safaya, Sufeto ya sami farantan a nannaɗe, ɗaya da busasshen jini a gefensa. Rubutun yana karantuwa sarai a jikinsu, shi ya sa ba a iya jefar da su a bola ba, masu narka ƙarfe kuwa ba sa buɗewa ranar Lahadi. A cikinsu aka cusa tsohon kwaɗo mai ɗigon jan fenti. Ya kwaso su ya shigo, ya ajiye a ƙasa a gaban gado. Ƙarar alminiyam ɗin ta cika ɗakin.

“Na ji,” in ji tsohon. “Ba sai an gaya mini ba.”

“Abu ɗaya ya rage ban gane ba, Baba,” in ji Sufeto. “Mutum ba ya jefa kansa a wannan rami don labarin ƙirƙira. Mene ne ka faɗa a babin?”

Tsohon ya gyara kishingiɗa.

“Direban tankar nan ba ƙirƙirarsa na yi ba. Akwai shi. Ni na kare shi, na sha kaye, har yau yana gidan yari. Matar da ta ga abin ba ta zo kotu ba, ban taɓa sanin dalili ba, abin yana cina. Da na zauna yin littafi, sai na tambayi kaina ta wace hanya za a hana mai gaskiya zuwa ba tare da an tsorata ta ba. Na ce sai dai wanda ta yarda da shi ya kira ta ya ce an ɗage zaman. Na sa ƙaramin lauya ya yi haka a labarin, an biya shi. Ban nufi kowa ba. Da na zo wurin, na ji yatsun wannan sun tsaya a kan kwamfuta. Na ce masa ko ya gaji ne, mu bari sai gobe.” Ya juya fuskarsa mai bandeji daidai inda surukin yake tsaye. “Kai na ɗora wa alhakin kawo matar nan kotu a wancan lokacin.”

“Labari ba shaida ba ne,” in ji Barista. “Kai ka koya mini.”

“Haka ne. Amma matar tana raye, kuma ban ji an ce ta manta muryar wanda ya kira ta ba.”

Barista ya kawar da kai. Sufeto ya kira caji ofis ya ce a turo mota. Da 'yan sanda suka zo, ya faɗa wa Barista abin da ake tuhumarsa da shi: fasa sito, lalata dukiya, da yunƙurin ɗora wa wata laifi. Suka fita da shi ta falo. Auta ba ta raka shi ba. Ta zauna a bakin gado ta riƙe hannun mahaifinta da hannu biyu, hawaye na zuba ba sauti.

“Baiwar Allah,” in ji tsohon, “an so a ɗaure ki saboda ni. Ki yi haƙuri.”

“Haƙurin ba ni za ka ba ba, direban nan za ka ba. Kuma kada ka ɗauka mun shirya. Tsakiyar littafin naka ne, ba wanda ya canja maka, kuma ta yi tsawo.”

Tsohon ya yi dariya har sai da ya dafe bandejinsa. Sannan ya natsu.

“Sufeto, kana da takarda?”

“Ina da ita, Baba.”

“To zauna. Zan faɗi babin kamar yadda na faɗe shi da farko, amma yanzu da sunaye na gaskiya, da lambar shari'ar, da inda za a sami matar. Gobe a shigar da ɗaukaka ƙara. In ba lauyan da zai tsaya, ni zan tsaya, ko da sanda za a kai ni.”

Sufeto ya jawo kujera, ya buɗe biro. Sai ya tuna, ya juya wurin Uwar Gardama.

“Inna, bari in sa a mayar da ke gida. Kin gaji.”

Ta tuɓe takalminta ta tura su ƙarƙashin kujera, ta gyara zama.

“Ba inda za ni. Na biyo labarin nan tun daga farko, sai na ji ƙarshensa daga bakin mai shi. Fara, malam. Kuma ka taƙaita.”